Jami'ar da Na Zagaya Ban Ga Kowa Ba

Ranar Asabar ɗin da sakamakon 'yata ya fito ina tsakar gida ina tsinke zogale. Zafin bazara ya kai har kaji sun buɗe baki sun lafe a gindin randa. Ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ba ta yi ihu ba don ta san halina. Ta durƙusa kusa da ni ta ce, "Umma, sun ba ni."

Na ce, "Sun ba ki me?" alhali na sani sarai. Wata shida muna jiran abin nan, ita tana addu'a ya fito, ni kuwa har yau ban san wace addu'a nake yi ba a lokacin.

Jami'ar da ta ba ta gurbin karatu tana can kudu, a wani gari da sai an kwana a hanya kafin a isa. Harhaɗa magunguna za ta karanta. An ba ta mako guda ta shiga shafinsu ta danna cewa ta karɓa, in ba haka ba a miƙa gurbin ga wani, kuma Juma'a ce ranar ƙarshe. Mahaifinta ya rasu tun tana aji huɗu na firamare. Da muka kira baffanta a Kano sai ya zare hannunsa, ya ce abin da uwarta ta yanke shi ke nan. Haka maganar ta dawo kaina, ni kaɗai, a gidanmu na Jiddari Polo, nan Maiduguri, mai ɗaki biyu da bishiyar dogon yaro guda ɗaya.

Na ce mata ni ba na tura yarinya inda ban gani da idona ba. Na faɗi haka ne da sanin cewa ba zan iya zuwa ba, don malamar firamare ce ni, kuma jarrabawar ƙarshen zango ta kunno kai. Na ɗauka na kashe bakin maganar. Sai ta yi murmushin nan da ta gada wajen ubanta, ta ce, "Ai za ki gani, Umma, ko tashi ba sai kin yi ba."

Ta matso ta ɗora wayar a cinyata. Ga ƙofar makaranta, babba, fara sol. A ƙasan hoton akwai wata 'yar kibiya. Ta ce in taɓa ta. Na goge hannuna da zani na taɓa, sai hoton ya zame gaba, muka tsinci kanmu a cikin harabar. In ka ja yatsa hagu sai ka juya hagu, in ka ja sama ka ga sararin samaniya. Muka bi wani titi mai itatuwa dama da hagu, irin itatuwan da ban san sunansu ba, masu ganye fato-fato. Tana ta zuba kamar a can aka yanke mata cibiya. Wannan bene shi ne sashensu, wancan mai jan rufi laburare ne, nan ake lacca, nan ɗakin gwaje-gwaje. Muka shiga ɗakin laccar, kujeru jere a kan matakala tun daga ƙasa har kusa da rufi. Muka shiga ɗakin gwajin, kwalabe a jere, famfo a kowane tebur. Daga nan ta kai ni ɗakin kwanan 'yan mata. Doguwar baranda, an goge ta tana ƙyalli. Ɗaki mai gado huɗu, kowanne an ja zanin gadonsa ba ko lanƙwasa, taga da farin labule.

Ta ce, "Ya kika gani?"

Na ce, "Ba laifi." Na miƙa mata wayar na koma kan zogalena. Wani abu ya tokare ni a rai tun daga titin nan mai itatuwa, amma na rasa gane ko mene ne. Na ce ta saka mini abin a tawa wayar, zan duba a tsanake.

Tsanaki kam ban san inda ya bi ba. Kwana uku ina yawo a makarantar nan. A cikin keke mai ƙafa uku ina tafiya aiki ina cikin laburarensu, har direban ya wuce da ni mahaɗar da nake sauka, ya juyo ya ce, "Ya Hajja, yau kuma ina muka nufa?" A ofishin malamai, takardun yara na gabana ba a duba ba, ina hawa benen sashen magunguna ina saukowa. Na ƙona shinkafa ranar Lahadi, abin da rabona da yi tun ina amarya. In na ajiye wayar sai in ji kamar na bar wani abu a kan wuta, in koma in ɗauka. Na san adadin matakalar ɗakin lacca. Na san wace taga ce gilashinta ya tsage. Na fara lura da wani abu da nake yi ba da niyya ba: duk lokacin da na zo kwana, sai in ja yatsana da sauri, kamar mai son ya kama wani a bayan gini kafin ya ɓuya.

Ranar Litinin, ana cikin hutun tara, na gane abin da ke damuna. Yara na ta ihu a fili, mai sayar da awara tana faɗa da wani da ya taɓa mata tire, ni kuma ina tsaye cikin waya a tsakiyar wani fili da ya ninka namu sau goma. Na juya gabas, na juya yamma, kudu da arewa. Babu kowa. Na koma bakin ƙofa na sake faro tafiyar, wannan karon ba gini nake kallo ba. Ɗakin maigadi a buɗe, ba maigadi. Wurin ajiye motoci ba mota. Kantin abinci, kujeru a kife kan tebura. A wani aji an fara rubutu a allo an bar shi rabi. Da na zagaya bayan ɗakin kwanan 'yan mata, wajen famfon wanki, sai na ga silifa. Ƙafa ɗaya, shuɗiya, a kife. Na buɗa hoton da yatsu biyu har ya dushe, na nemi 'yar'uwarta ban gani ba. Na zauna a kujerar hedimasta ba tare da na lura ba.

Wanda bai zauna garin nan a shekarun da muka sha wuya ba zai ce na cika tsirfa. Mu kuwa akwai karatun da muka koya wanda babu shi a manhaja. In ka fito da safe, kafin ka sa ƙafa a titi, sai ka leƙa bakin layi. In mai ƙosai na nan da kaskonta, mai shayi ya jera burodinsa, to ka tafi. In ba sa nan, ka koma ciki ka ja ƙofa, ba sai an gaya maka komai ba. Hayaniya ba ta taɓa ba mu tsoro ba. Kasuwa ta cika ta batse, ana zage-zage ana ture juna, wannan lafiya ce. Shirun ne muke gudu.

Na yi koyarwa a Konduga shekara biyar kafin a dawo da ni cikin gari. Wata safiya a can na fito zan tafi makaranta, ina riƙe da hannun yarinyar nan, lokacin ba ta wuce shekara shida ba. Muka shiga wani layi da muke bi kullum. An share ƙofar gidaje tas, ga tabarma a shimfiɗe a gindin bishiya, ga buta a kusa da ita, wani gida ma hayaƙi na tashi. Komai a kintse, mutum ne kawai babu. A tsakiyar hanya takalma, ɗaya nan ɗaya can, ba waɗanda suka dace da juna. Mai gudu ba ya komawa ɗaukar takalmi. Ban tambayi kowa ba, na suri 'yata na juya. Ba abin da ya same mu, kuma ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Ita ta ce ba ta tuna ranar. Ni kuwa ko yanzu in na shiga gidan biki na tarar an yi tsit, sai na duba inda ƙofa take.

Da yamma na nuna wa 'yata silifar. Ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce, "Umma, silifa ce fa."

"Na ga silifa ce. Ina mai ita?"

"Ta yar da ita mana. Ko ta tsinke."

"Ina sauran mutanen?"

Ta sauke numfashi irin na wadda ke magana da ƙaramin yaro, abin da ya fi komai ƙona mini rai. Ta ce lokacin hutu aka ɗauki hotunan, kuma da gangan ake yin haka don a ga gine-gine da kyau. Duk makarantun duniya haka suke yi.

Na ce, "Ni za ki gaya wa hutu? Shekara ashirin da biyu ina aikin makaranta. Makarantarmu in an yi hutu akwai maigadi da rediyonsa, akwai masu ƙwallo, akwai mata masu shanya kuɓewa a baranda. Wannan ko akuya babu. Wane irin wuri ne ko akuya ba ta shiga?"

Ta yi dariya, dariyar ta ƙara tunzura ni. Na ce ga jami'a nan a garinmu, keke ɗaya za ta hau, ta dawo ta ci tuwo a gida. Wadda ba ta iya dama kunu ba tare da gudaji ba ita ce za ta haɗa wa mutane magani a wata uwa duniya. Na faɗi wasu maganganun da ba sai na maimaita ba. Ta daina dariya. Ta ce a hankali, "Umma, ki ce kawai ba kya so in tafi." Ta tashi ta shige ɗaki, ranar ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba.

A kaina na san gaskiyarta. Ba jahila ba ce ni, na san ana ɗaukar hoto a lokacin hutu. Amma jikina bai yarda ba, kuma jikina ne ya fitar da mu daga layin nan na Konduga. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. A ƙarƙashin tsoron kuma akwai wani abu da ban iya faɗa ba. 'Yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya ba ni. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mahaifina ya baro Kano da sana'ar dukanci tun kafin a haife ni, ya bar abubuwa da yawa a can, amma wannan kunyar ya taho da ita, mahaifiyata kuma ta ɗora mini. Shekara goma sha takwas ina ce wa yarinyar nan "ke". To da wane baki zan ce mata in ta tafi ban san yadda zan yi da gidan nan ba? Maganar akuya ta fi mini sauƙi.

Talata ta wuce ba ma magana sai gaisuwa. Ina jin ta tana kai-komo a ɗaki, ni ma ina nawa a tsakar gida, na share inda na riga na share. Na sake shiga makarantar ya fi sau goma, kullum ƙafata sai ta kai ni wajen famfon nan.

Ranar Laraba 'yata ta je ta ɗauko mini Maman 'yan biyu. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, mutuniyar kudancin Borno, tana aikin ofis a cocinsu. Shekara goma muna miƙa wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti ta saman katangar. 'Yata ta san in akwai wadda nake jin maganarta a unguwar nan, to ita ce. Ta shigo tana fifita da gefen zaninta, ta ce, "Malama, me nake ji? Yarinya ta ci jarrabawa kin hana ta sakat?"

Na miƙa mata wayar. 'Yata ta nuna mata kibiyar. Maman 'yan biyu ta sa tabarau ta fara tafiya, tana cewa, "Kai, ga gini. Ji fenti." Ta wuce laburare. Ta shiga ɗakin lacca. Sai na ga yabon ya fara raguwa. Ta ja yatsa hagu, ta ja dama. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Can ta ɗago ta dube ni, muryarta ta yi ƙasa.

"Malama, wurin nan ya yi shiru da yawa fa. An kwashe su ne?"

'Yata ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Mama, har da ke?" Ni kuwa na gyara zama, wani daɗi ya ratsa ni, na mugunta. Na ce ta je bayan ɗakin kwana ta ga abin da ke wajen famfo. Ta je ta gani. Muka zauna mu biyu muna kallon silifa ƙafa ɗaya, manyan mata da furfura, kamar an kawo mana saƙon rasuwa.

Amma Maman 'yan biyu ba ta iya zama da damuwa ba, sai ta nemo mata aiki. Ta ce hoto ba ya amsa sallama, a nemo mutum. Ta ce mutanensu babu garin da ba su kai ba, ba nas ba malamin makaranta. Ta zaro wayarta mai tsagaggen gilashi ta fara kira, da Hausa, da yarensu, da Turanci. Kira na huɗu ya faɗa kan 'yar ƙanwar mijinta, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a garin da jami'ar take. Aka yi da ita gobe in ta tashi daga aiki za ta shiga makarantar ta kira mu ta bidiyo.

Alhamis na dawo daga makaranta ban ko cire mayafi ba. Na yi la'asar a gaggauce, Allah ya yafe mini. Muka jeru a tabarma a gindin dogon yaro, wayar a jingine da kwanon sha. Ƙarfe huɗu ta wuce, huɗu da rabi ta wuce. Na tashi na zauna ya fi sau biyar. Na ce wa 'yata ta duba ko data ce ta ƙare, ta ce ba ta ƙare ba. Sai wajen biyar saura wayar ta yi ƙara.

Abin da ya fara zuwa mana ƙara ce, kafin hoto. Hon na babura, wani yana tallar wani abu da yaren da ban sani ba, kiɗa daga wani shago. Sai fuskar nas ɗin ta bayyana, tana gumi, ta gaishe mu ta juya wayar. Ƙofar nan ce fara sol, sai dai yanzu ba fara ba ce sosai, an manna mata takardu har sun hau kan juna. Mutane na shiga suna fita kamar bakin kasuwa. Maigadi na nan, ƙato, yana faɗa da wani mai mota.

Na ce, "Ga maigadin."

Hoton na rawa, yana tsayawa yana ci gaba. Ta bi titin mai itatuwa, ni ce ma nake gaya mata hanya. Na ce ta yi dama a wajen bene mai jan rufi, akwai 'yar hanya ta baya da ta fi kusa. Ta ce, "Mama, kin taɓa zuwa ne?" Maman 'yan biyu ta ce, "Kwananta biyar a can." A gindin itatuwan an kasa masara da gyaɗa. Ɗakin laccar da na ƙirga matakalarsa ba a ganin matakala ko ɗaya, ɗalibai sun zauna a kai, wasu a taga, wasu a tsaye a waje suna rubutu a kan bayan 'yan'uwansu.

Da ta isa ɗakin kwanan 'yan mata sai da ta roƙi mai kula da wurin kafin a bar ta ta shiga. Barandar nan mai ƙyalli an ɗaura mata igiyoyi daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, shanya ta rufe sama, sai an sunkuya ake wucewa. Bokitai a jere tun daga famfo har bakin matakala. Wata na soya manja a risho, hayaƙi ya turnuƙe. Wata na yi wa wata kitso, wata na rera waƙar coci da iya ƙarfinta, can ƙarshen baranda wata ta shimfiɗa darduma tana sallah ana ratsa ta gefenta. Ɗakin mai gado huɗu na ƙirga katifa bakwai. Farin labulen babu shi, an rataya zani a madadinsa.

Na saci kallon 'yata. Fuskarta ta canja, ta taɓe baki kamar ta tauna maɗaci. Yarinyar da ko cokalinta ba ta yarda wani ya taɓa ba. Ni kuma na ji abin da ya tokare ni tun ranar Asabar yana sauka a hankali, har na jingina da bishiya.

Na ce a kai ni famfon baya. Nas ɗin ba ta gane dalili ba, amma ta je. Ruwa ya yi caɓalɓal, 'yan mata sun fi goma suna wanki suna musu. A gefe silifu ne tuli guda, shuɗaye da jajaye, wasu a kife, wasu ƙafa ɗaya, masu su na tsaye a cikin kumfa ba takalmi. Wata mai hijabi ta ji muna Hausa ta matso ta leƙo wayar, ta ce, "Sannu Mama, ina wuni? Daga ina?"

Na ce daga Maiduguri. Na ce, "'Yan nan, kuna barci lafiya a wurin nan?"

Ta ce, "Wane barci, Mama? Surutu ba ya barin mutum. Ga sauro, ga layin ruwa."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Yarinyar ta yi sororo tana kallona, Maman 'yan biyu kuwa ta kwashe da dariya har da hawaye.

Bayan an kashe wayar 'yata ta kife ta a tabarma. Sannan ta ce, "Umma, ba haka yake a hoto ba. Mutum bakwai a ɗaki. Kin ga bayan gidan kuwa?"

Na ce, "Na gani. Ɗauko wayarki ki danna musu."

"Umma, bari in yi tunani zuwa gobe."

"Wane tunani? Ni na gama nawa. Wuri ne na mutane. In kin yi zazzaɓi akwai mai jin nishinki, in abu ya taso akwai wanda za ki ga ya ruga ki bi shi. Danna."

Ta kalle ni, ido ya ciko, tana dariya kuma. Ta ce ita ba ta taɓa ganin uwar da ƙazanta ke kwantar wa hankali ba. Na ce ta je ta koyi layin bokiti, zai yi mata amfani fiye da rabin abin da za a koya mata a ɗakin kwalabe. Ta danna a gabanmu. Na tashi na shiga kicin, na daɗe ina neman ashanar da ke hannuna.

Bayan wata biyu muka raka ta tasha da sassafe, ni da Maman 'yan biyu. Na sa mata yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, da bokiti biyu, da silifa har kala uku. Da motar za ta tashi na ce, "Ke, ki riƙe sallah." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Na dawo gida na rasa inda zan sa kaina, sai na kama aiki. Na share ɗakinta, na wanke labule, na ja zanin gado har ba lanƙwasa. Na jera littattafan da ta bari. Na wanke tsakar gida, na kife kwanuka, na naɗe tabarmar da muke zama a kai don ni kaɗai kujera ta ishe ni.

Kwana huɗu da isarta ta kira ni ta bidiyo da yamma. Da ƙyar nake jin ta saboda hayaniyar bayanta, wata ma ta leƙo ta gaishe ni da cokali a baki. Ta ce an sace mata bokiti ɗaya tun ranar farko. Na ce madalla, ta zama 'yar gari. Sai ta ce, "Umma, juya wayar in ga gida."

Na juya. Na bi da ita tsakar gida, gindin dogon yaro, bakin randa, kicin. Na tura ƙofar ɗakinta na nuna mata gadon, ina jira ta yaba. Ba ta ce komai ba. Na ɗauka sabis ne ya ɗauke, na juyo da wayar. Tana nan, ta matso da fuskarta kusa da gilashin, idonta na yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana leƙen bayana. Na san kallon nan, kwana biyar na yi ina yin sa. Wai ita ce ba ta tuna Konduga.

Ta ce, "Umma, gidan ya yi shiru."

Na ce zafi ne, kowa ya shige ɗaki. Ta san babu wani kowa. Muka yi sallama.

Tun daga ranar, in wayata ta yi ƙara na ga ita ce, ba na ɗauka nan take. Sai in ja mayafi in zura takalmi in zagaya gidan Maman 'yan biyu, inda mutum tara ke zaune, rediyo na yi, jikoki na kuka, ana daka a turmi. In samu wuri a tsakiyarsu in zauna, sannan in kira ta. Shekara ta biyu ke nan muna haka. Ba ta taɓa tambayata me nake yi kullum a gidan maƙwabta ba, kuma ba ta sake cewa in juya wayar ba.